Bugun Bariki

Zangon Giginya ba gari ba ne da mutum zai ɓata a cikinsa. Layi ɗaya ne na rumfunan kasuwa, da masallaci, da gidajen fataken da suka sauka da niyyar kwana biyu tun zamanin kakanni suka manta ba su tashi ba, sai kuma kogin Binuwai a bayan gari yana gangarawa abinsa zuwa Garwa. Duk abin da ya faru da hantsi, kafin azahar kowa ya ji. Amma duk da haka garin yana da mai shela, domin abin da aka ji a bakin rijiya tsegumi ne, sai ya fito daga bakin Hamidu yake zama labari.

Hamidu ya haura arba'in, siriri ne, mai dogon wuya. Shi da kansa yake cewa ranar rabo an ba shi muryar sarkin yaƙi, da aka zo kan zuciya sai aka tarar ta ɗan tsako ce kaɗai ta rage. Kayan aikinsa kuge ne, ƙarfe mai baki biyu da ya gada wajen ubansa, da ɗan ƙahon gada da yake bugunsa da shi. Zai tsaya a gindin giginyar kasuwa ya buga a hankali, bugu mai nauyi, ya bari ƙarar ta mutu kafin ya sake. Sai mata su leƙo ta kan danga, maza su ajiye abin da ke hannunsu.

"Jama'ar Zango, a ji da kyau! Jakin Malum Abakar ya ɓata, yana da tsaga a kunnen hagu, kuma yana cizo. Matar sarkin pawa ta sauka, suna ran Laraba. Kwalekwalen kanwa ya iso. Mai akuyar da ke cin albasar bakin kogi, an san ta, an san shi."

Wannan shi ne bugun gida. Akwai kuma wani bugun, wanda ba a gada ba.

Shekarun farko da Jamus suka zauna a Garwa, sai aka ƙara wa Hamidu aiki: duk mako ya je bariki ya karɓo saƙo. Saƙon bariki kuwa launinsa ɗaya ne, ko a ba da maza su share hanya, ko a ba da kawunan da za su ɗauki kaya. Karon farko mutane suka fito da zuciya ɗaya, aka zaɓi majiya ƙarfi aka ɗora musu akwatuna zuwa Maruwa. Wasu sun dawo da ƙafafu a fashe, wasu har yau ana jiran su. Da saƙo na biyu ya zo, Hamidu ya tsaya gindin giginya hannunsa na rawa, ƙahon ya yi ta karkarwa a bakin kugen, kar-kar-kar, kamar haƙoran mai zazzaɓi. Kafin ya buɗe baki babu namiji ko ɗaya a kasuwar, duk sun shige kyauron bakin kogi. Tun daga ranar abin ya zauna. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara shi, ba kuma wanda ya taɓa ambatonsa a fili. In saƙon bariki ne, Hamidu ya yi bugu mai karkarwa, maza su nufi kyauro, mata su ja yara su rufe ƙofa, shi kuma ya karanta wa kaji da tsofaffi umarnin Nasara da cikakkiyar murya. Tsoro ne ya ƙirƙiro dabarar, Hamidu ya karɓi yabon.

To, a bazarar da wannan labari ya faru, agana ta ɓullo a ƙauyukan da ke kan hanyar Rai Buba. Masu kwalekwale ne suka kawo zancen, suna faɗa ƙasa-ƙasa. A gidan Hamidu ba a buƙatar bayani. Matarsa Dela fuskarta duk zanzana ce, kuma a wancan zuwan na agana ita ta yi jinyar 'ya'yansu biyu, Dawuda da Mairamu, tana kwance tana jinyar kanta, ta tashi su ba su tashi ba. Bayan nan aka haifi Karimatu, wadda yanzu take famfara, ita kaɗai ce musu.

Ranar da ya je bariki karɓar saƙo, sai ya tarar da layi a gindin wata ɗorawa, masu dafa abinci da masu yankan ciyawar doki, kowa ya naɗe hannun riga. Wani Bajamushe jajir, zufa na ɗiga daga gemunsa, yana tsaga damtsen kowa da 'yar aska yana ɗiga wani ruwa daga siririyar kwalba.

Kofur Kolo ne mai ba shi saƙo, wani Babarbare mai tsage a fuska wanda ya yi shekaru cikin kakin Jamus. Ya ce, "Baba Kuge, ka faɗa wa mutanenka likita na zuwa ran kasuwarku ta gaba. Lambar agana zai yi. Kowa da kowa, har jarirai."

"Lamba kuma? Kamar shanu?"

Kolo ya naɗe hannun rigarsa ya nuna masa wani tabo kamar ƙwandala. "Da wannan muka shiga wata unguwa a Maruwa muna kwashe gawa. Cikinmu ko mutum ɗaya bai yi ƙurji ba. Amma ka ji da kyau. Gobe likita zai fita zagaye, ba zai dawo Garwa ba sai ruwa ya sauka. Maganin nan kuma zafi ke kashe shi, in an fasa kwalba sai a ƙarar da ita nan take. Ba ya fasa ta don mutum biyu ko uku. In ya tarar da kasuwa wayam, wucewa zai yi, ko sauka daga doki ba zai yi ba." Ya dube shi ta wutsiyar ido. "Garinku kuwa na lura, duk ranar da muka zo, mazan sun tafi ta'aziyya."

"Ana yawan rasuwa, Kofur."

"Za a fi haka."

Hamidu ya je gindin ɗorawar da niyyar tambaya kawai. Layin ne ya yi ta matsawa, shi kuma kunya ta hana shi fita. Da aka zo kansa ya rufe ido ya kama salati da muryar da ta sa dokin likita ya zabura. Kafin ya kai ƙarshe an gama. Tsaga ce 'yar ƙarama a damtsen hagu, ko ta wanzami ta fi ta ban tsoro.

A hanyar komawa ya yi ta juya abin. In ya yi bugun bariki, gari zai watse, likita ya wuce, Karimatu ta zauna da damtse babu lamba, agana kuma tana gangarowa tare da kogi. Ya biya wajen Sarkin Zango Muntaka, dattijo mai ƙiba wanda babban burinsa a duniya shi ne kada a kira sunansa a Garwa, ko da alheri ne.

Muntaka ya ce, "Wannan ai ba abin wahala ba ne. Ka yi musu bugun gida. Su fito suna zaton suna ne ko ɗaurin aure, sai su ga likita."

"Ranka ya daɗe, tare da sojoji zai zo."

"To?"

"In na kira su da bugun gida suka tarar da soja, na gama aiki. Gobe in gobara ce, ko yaro ya faɗa kogi, na buga, kowa zai tsaya yana tunani ko Hamidu ya sake sayar da mu. Ban taɓa yi musu ƙarya da ƙarfen nan ba."

"Da bakinka fa?"

"Baki nawa ne, ranka ya daɗe. Ƙarfen na gari ne."

Muntaka ya ce shi dai ya faɗi nasa, kuma in Nasara ya tambaya, bai san da wani bugu iri biyu ba.

A gida ma bai samu sauƙi ba. Dela ta dubi tsagar, ta dube shi. "Malam, wato cutar da ta cinye mana biyu ita ka je aka zuba maka a jiki, kuma kana so a zuba wa wadda ta rage?"

"Ba ita ba ce. 'Yar'uwarta ce marar ƙarfi, ta tare mata ƙofa."

"Wa ya faɗa maka?"

"Kofur Kolo."

"Allah Sarki. Malamin ya cika." Ta ja Karimatu ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi Hamidu ya tsaya gindin giginya ya yi bugun gida, mai nauyi, a natse. Mutane suka taru. Ya faɗi jakin Malum Abakar da aka gani a Wuro Sambo, ƙauyen gaba, yana cizon mutanen can. Ya faɗi farashin kanwa. Sannan ya gyara murya.

"Sai labarin hannun Hamidu mai kuge. Jiya a Garwa likitan Nasara ya tsaga shi ya zuba maganin agana. Ga hannun." Ya ɗaga shi sama. "Yau babu abin da yake yi sai ƙaiƙayi. Gobe za a ji yadda ya kwana. Ran kasuwa likitan zai zo nan. Saƙon bariki ne, kuma bugun bariki zan yi, ba zan ɓoye muku ba. Mai gudu ya gudu. Ni dai ina nan gindin giginyar nan da ni da 'yata."

Kasuwar ta yi tsit, don ba a taɓa kiran sunan bugun nan a fili ba. Isa wanzam ne ya fasa shirun. Isa jikan Zage-zagi ne, Hamidu jikan Kanawa, kuma ko da yake babu wanda ya taɓa ganin Zariya ko Kano a cikinsu, ba su taɓa yafe wa juna ba.

"Kai Bakano! Wato askata ce ba ta yi maka ba, sai ta Nasara? Nawa ka ba shi?"

"Kyauta ne."

"Shi ya sa! Jama'a, kun ji dalili. Bakano in kyauta ne ko kaciya sai ya sake."

Aka fashe da dariya. Hamidu ya bari suka gama, ya rufe da cewa shela ta ƙare, ya tafi.

Haka ya yi ta yi kullum. Hannun Hamidu ya zama labarin da ake jira, har ya fi na jaki. Yau wurin ya yi ja. Yau ya ɗago kamar cizon cinnaka. Yau ya yi ruwa. Tsofaffin mata suka riƙa zuwa suna kama damtsen suna juya shi kamar doya a kasuwa. Isa ya riƙa zuwa da safe yana tambaya ko hannun ya faɗi, don yana da mai sayen fatar ganga. Wasu suka ce Nasara alama yake sa wa mutane don in sun gudu a gane su. Hamidu bai yi musu ba. Ya ce shi ma ya yi wannan tunanin, amma duk wanda ya dube shi ya san ba a buƙatar alama kafin a gane shi.

Ana gab da ranar kasuwa zazzaɓi ya kama shi. Kaluluwa ta fito masa a hammata, damtsen ya kumbura ya yi sheƙi, ƙurjin ya zama fari mai rami a tsakiya. Wannan ne ya ba shi tsoro na gaske, don ya san kamannin nan, ya gan su a jikin Dawuda. Amma ya lallaɓa ya fita, ya jingina da giginyar, ya faɗa musu gaskiya: yau hannun yana ciwo ƙwarai, mai hannun kuma yana jin sanyi, kuma yana jin tsoro. Ranar ba wanda ya yi dariya, har Isa.

Da ya koma gida ya kwanta a inuwar zaure, Dela ta zo da ruwan ɗumi. Ta goge wurin, ta daɗe tana kallon ƙurjin. Sannan ta ɗaga rigarsa ta duba ƙirjinsa, da bayansa, da tafin hannu, da tafin ƙafa, ta sa ya buɗe baki ta leƙa. Ta san inda agana ke fara leƙowa, ba mai koya mata.

"Guda ɗaya ne," ta ce.

"Na faɗa miki."

"Ba kai ka faɗa mini ba. Yi shiru." Ta sake duba bayan kunnensa. "Ita ba ta zuwa ita kaɗai. Ta Mairamu dare ɗaya ta rufe ta." Ta matse tsumman ta tashi. Ba ta ce ta yarda ba, amma da la'asar ya ga ta wanke wa Karimatu zanenta na salla.

Ran kasuwa zazzaɓin ya sauka, amma hannun ya ƙi ɗaguwa. Kuge kuwa da hagu ake riƙe shi a buga da dama. Ya gwada maƙale shi a hammata, ya ga taurari. Dela ta karɓa don ta riƙe masa, ta yafa mayafi ta bi shi har gindin giginya, Karimatu na riƙe da gefen zanenta. Tun da aka kafa Zangon ba a taɓa ganin kuge a hannun mace ba.

Kasuwa ta cika. Kowa ya san yau ce, kowa kuma ya zo ya ga ko Hamidu zai yi abin da ya ce. Da aka hango doki da jerin masu kaya daga nesa, Hamidu ya ɗaga ƙahon. Ya dubi Karimatu. Bugu ɗaya mai nauyi zai riƙe mutanen nan a inda suke. Ya ja numfashi, ya yi mai karkarwar.

Ƙafafu ba su jira shawarar masu su ba. Mutanen da suka kwana suna cewa za su tsaya, sai ganin ƙeyarsu aka yi. Sarkin pawa ya bar rabin akuya a rataye. Isa wanzam ya bar mutum da rabin aski, wanda ake wa askin ma ya bi shi da kumfa a ka. Ƙofofi suka yi ta rufuwa. Kafin dokin ya iso, babu kowa a kasuwar sai Hamidu da iyalinsa, da wata makauniya mai sayar da daddawa, da Sarkin Zango wanda ƙiba ta hana gudu.

Likitan ya ja linzami ya dubi rumfunan, ya faɗi wani abu a taƙaice. Kolo ya ce, "Ya ce mu wuce. Wata ta'aziyyar ce, Baba Kuge?"

"Kofur, dokin nan yana jin ƙishi. Ku ba shi ruwa. Masu kayan nan ma su huta. Ka ce masa mutane na shiri."

"Wane shiri?"

"Ka dai ce masa."

Dela ta rataya masa kugen a wuya, ta sauke mayafinta daga ka har fuskar ta fito fili, ta kama hannun Karimatu ta nufi gidan farko. Hamidu yana jiyo ta tana dukan ƙyaure. "Ƙaltume, buɗe, ni ce. Dubi fuskata da kyau. Ke kika yi wa Mairamu wanka, kin manta? Fito da yaran nan." Ta wuce gida na gaba.

Shi kuma ya juya ya fuskanci kyauron bakin kogi, ya saki muryar nan da ake jin ta har tsallake. "Labarin hannun Hamidu! Yau hannun yana nan a jikin mai shi! Likita ya iso! Sojoji uku ne da kofur, ban ɓoye ba! Matanku suna fitowa da 'ya'yanku, ku kuma kuna kwance cikin ciyawa da kwaɗi! Isa Bazazzagi, ina hango hularka!"

Ƙaltume ce ta fara fitowa, da goyo da wasu biyu a hannu. Sai wata, sai wata. Da suka kai wajen yawan da za a kira layi, likitan ya sauka daga doki, aka buɗe akwati, aka fasa kwalba. Kukan yaro na farko ya tashi. Kukan nan ne ya yi abin da muryar Hamidu ta kasa, don ba uban da zai ji kukan ɗansa a hannun Nasara ya ci gaba da kwanciya. Suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, suna kakkaɓe ƙaiƙayi, kowa yana yin kamar dama kewayawa ya yi. Isa ya zo yana cewa shi aikin ɗan'uwansa mai aska ya zo dubawa. Ya leƙa, ya taɓe baki ya ce riƙon askar ma ba daidai ba ne, sannan ya naɗe hannun riga.

Ba duka suka fito ba. Akwai gidajen da suka ƙi buɗewa, akwai mazan da suka wuni a kyauro. Amma layin ya kai har bakin masallaci. Dela kuwa ta tafi can ƙarshen gari wajen masunta, sai da rana ta take ta dawo da ayarinta, ita da Karimatu suka tsaya a wutsiyar layi.

A nan ne Hamidu ya lura da abin da ba wanda ya lura da shi. Mutanen da suka ɗauko kayan likita daga ƙauyen baya an sallame su, sun kama hanyar gida. Akwatunan na ajiye a ƙasa babu kawuna. Sojojin uku kuma sun rabu a hankali, ɗaya ya tsaya a hanyar kogi, ɗaya a hanyar masallaci, na ukun yana warware igiya daga kafaɗarsa.

Kugen na rataye a wuyansa, ƙahon na hannunsa. In ya buga, kasuwar za ta watse, a rufe akwati, Karimatu na can baya ba a kai gare ta ba. In ya yi shiru, za a ɗaure mutanen da muryarsa ta fito da su daga ciyawa. Ya nufi wajen Kolo.

"Kofur, igiyar mece ce?"

"Kaya ba sa tafiya da kansu, Baba Kuge."

"Har ina?"

"Wuro Sambo. Can mu sami wasu."

Hamidu ya ɗaga ƙahon ya ajiye shi a bakin kugen, a hankali, yadda Kolo zai gani. "Ka san abin da wannan ke yi."

"Na sani tun shekarar da aka fara. Ni ma a kasuwa aka haife ni."

"To in na taɓa shi, ba ka da layi, ba ka da masu kaya, ga kwalba a fashe. Kai za ka yi wa mai gemun can bayani, ba ni ba. Ka ce wa yaronka ya naɗe igiyarsa. Ni zan nemo maka kawuna."

Kolo ya dubi layin har ƙarshensa, ya ga Dela da yarinyar. "'Yarka ba ta samu ba tukuna. Ba za ka buga ba."

"Kofur, hannuna rawa yake yi. Ka gani da idonka. Ni kaina ban san abin da zai yi ba."

Gaskiya ne kuma, rawa yake yi. Kolo ya daɗe yana kallon ƙahon yana kusantar ƙarfen yana ja da baya. Sannan ya yi tsaki, ya ɗaga wa sojan hannu. Igiyar ta koma kafaɗa.

Hamidu bai buga komai ba. Ya hau kan turmin mai daddawa ya yi magana da baki kawai. "Jama'ar Zango, a ji da kyau! Akwatunan likita suna neman kawuna zuwa Wuro Sambo. Wuro Sambo kawai, a kwana a gida. Sojan can yana da igiya, kun gan ta, an ce ya naɗe, ya naɗe. Ba wanda za a kama. Wanda yake da 'ya ko ƙanwa da ke aure a Wuro Sambo, maganin jikokinsa ne a ciki. Akwatin farko nawa ne."

Layin ya motsa kamar an jefa dutse a garken tumaki. Wasu samari biyu suka zame ta bayan rumfa, ba wanda ya bi su. Sauran suka tsaya suna kallon juna. Hamidu ya sauko daga turmin, ya cire kugen daga wuyansa, ya je ya tsaya kusa da akwatin da ya fi kowanne girma, don bai san cewa ana fara ɗagawa a ji nauyi kafin a zaɓa ba. Shekara da shekaru yana shelar ɗaukar kaya, bai taɓa ɗora ko ƙwarya a kansa ba.

"Kai Bakano, matsa," in ji Isa, yana dafe da damtsensa. "Wannan wuyan naka na zalɓe zai karye a ce Zango ba maza. Ɗauki ƙaramin can." Sarkin pawa ya fito, don 'yarsa na Wuro Sambo. Malum Abakar ya ce shi dama zai je karɓo jakinsa. A haka kawunan suka cika.

Layin ya ci gaba da tafiya. Hamidu bai ɗauke ido daga kwalbar ba, yana ganin ruwan cikinta yana raguwa, yana ƙirga kawunan da ke gaban Dela yana ɓata lissafi yana sakewa. Da aka zo kan Karimatu, likitan ya karkata kwalbar sosai kafin ɗigon ya fito. Yarinyar ta runtse ido, askar ta taɓa ta, ta buɗe.

"Shi ke nan?" ta ce. "Baba, wannan ne ka yi wa salati?"

Ashe labarin ya riga shi isowa daga Garwa. Waɗanda ke kusa suka yi dariya, Dela ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na motsi, ba a san ko dariyar take yi ba ko wani abin.

Aka ɗora wa Hamidu ƙaramin akwatin. Ƙaramin ma ya ji kamar an aza masa masallaci. Ya tallafe shi da hannun dama, na hagun na lilo a kumbure, Dela ta zo ta karɓi kugen da ƙahon.

"In an tambaya, ki ce shelar gobe tana nan."

"Wane labari za ka ba su? Hannun ai ya gama nasa."

Hamidu ya gwada juyowa ya dube ta, akwatin ya hana. Ya bi bayan Isa, yana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron ta fashe.

"Na wuya," ya ce.